Abin da za ka busa ranar Sallah

Ɗana, na ji 'yan'uwanka mabusa sun sa ka gaba a bana, ga shi Sallah ta matso. Allah ya taya ka riƙo. Bari in faɗa maka yadda ake zaɓen abin da za a busa, don ranar hawa ba a tsayawa shawara.

Ka fara duba leɓen mutanenka. Wata guda suna azumi, algaita tana cikin jaka, kakaki yana rataye. Leɓe ya yi laushi, numfashi ya gajarce. In ka jero musu take-take masu wuya tun da safe, kafin sarki ya iso ƙofar gida bakin kowa ya mutu. Tun tsakiyar azumi ku riƙa haɗuwa bayan asham, nesa da masallaci, ku busa kaɗan ku huta. Duk taken da ya ƙi zama a bakin yara cikin waɗannan darare, ka ajiye shi sai Babbar Sallah.

Kowane abin busa da iyakarsa. Kakaki, duk tsawonsa da ƙyallin tagullarsa, murya biyu yake da ita, ta ƙasa da ta sama, kuma aikinsa shela ne: ga sarki ya fito. Tarihin Kano ya ce Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara shi a birnin, har yau kuma kayan sarauta ne. Kada ka sa shi bin waƙar biki. Algaita ita ce mai magana. Dubi mai busa ta, kumatu sun cika taf, yana shaƙar iska ta hanci yana tura ta ta baki ba yankewa, kuma abin da ke fitowa kalmomi ne, suna hawa suna sauka yadda Hausa take hawa da sauka. Tsohuwa tana cikin gida za ta ji take, ta ce wane ne tafe, tun ba ta leƙo ba. Saboda haka ba a yi wa take kwalliya. Ka ɗaga murya inda magana ta sauka, ka ɓata wa mutum kirarinsa a gaban jama'arsa, kuma irin wannan ba a mantawa da shi. Fadar Madawa da nata taken, Buza da nata, Keita ma haka. In an gayyace ku wani gari, ka je wurin makaɗan gidan tun da sauran kwanaki, ka gaishe su da goro, su koya maka.

Sai jeri. Hanyar idi ta kabbara ce, ku riƙe kayanku a hannu har liman ya gama huɗuba. Sannan ganga ta buɗe, kakaki ya amsa, taken sarki ya biyo. Na sauran masu sarauta su zo bisa girmansu. Kada ka gabatar da ƙarami don ya fi sakin hannu. Da yamma fili na samari ne, nan za ka iya shigo da sabon abu, amma guda ɗaya ya isa. Ka tuna su wa ke tsaye a wurin. Rabinsu 'yan ci-rani ne da suka dawo daga Abijan da Legas, sun sha sabbin waƙoƙi a waya har sun ƙoshi. Abin da suka yi kewa shi ne busar da suka ji suna goye.

Wata rana hukuma za ta haɗa ku da 'yan fanfar, ran 3 ga Agusta ko 18 ga Disamba, kamar bikin da Tawa ta karɓa a 2017, Tawa Sakola. Su da takarda suke busa, muryar ƙahonsu kuma ba ta zama daidai da ta algaita, don haka kada ku haɗa baki. Ku yi karɓa-karɓa. Taken ƙasa nasu ne, an kuma sauya shi a 2023. Ka tabbata yaranka sun san sabon, su yi tsit har ya ƙare.

Iska ma tana da nata hukunci. A hunturu leɓe yana tsagewa, kowa ya riƙe man kaɗe tun mako guda kafin ranar. A bazarar Adar kuwa tagulla tana ɗaukar zafi har ta ƙona baki, muryarta kuma ta hau, sai a ajiye kakaki a inuwa, a jiƙa karan bakin algaita kafin a fara. Ka kuma lura da dawaki. Akwai sababbin da ba su taɓa jin kakaki ba, ga yara cike da hanya, sai mai busa ya ɗaga bakinsa sama, ya ba su tazara.

Ka gaishe mini da mutanenka. Daren jajibere zan zo in ji jerin da kuka tsayar.