Darasin Wannan Wata: Tuwon Gidan Kaka da Lafiyar Jikoki

Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa yana da wani abinci da ba ya mantawa da shi. Wani ɗumamen tuwo ne da sanyin safiya lokacin hunturu. Wani fura ce a cikin farar ƙwarya. Wani kuwa tumu ne, wato sabon gero da ake gasawa a farkon kaka. In aka tambayi mutum inda ya ci wannan abinci, sau da yawa zai ce a gidan kakarsa ne.

Darasin wannan wata a kan girkin gida ne da ziyarar 'yan'uwa. Za a duba abin da ke cikin abincin gargajiya. Za a kuma ga yadda za a kyautata shi domin yara ƙanana, musamman waɗanda ake kaiwa yaye. Ana son mai karatu ya karanta a hankali, sa'an nan ya karanta wa mutanen gidansa.

Tsakanin birni da ƙauye

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya gina birnin Sakkwato a shekarar 1809, tun mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana da rai. Birnin yana kusa da inda Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suka haɗu. A tudu ana noma gero da dawa da wake. A fadama ana noma shinkafa da albasa da tumatir da barkono. Fulani kuma suna kawo nono da man shanu. Daga waɗannan ne tukunyar Basakkwace take cika.

Gidan Igwai unguwa ce a cikin birnin Sakkwato. Kamar sauran unguwannin birni, akwai magidanta da yawa a cikinta waɗanda iyayensu suke ƙauye. Wani aiki ya kawo shi, wani kasuwanci, wani karatu, wata kuma aure. Amma hanya ba ta mutu ba. Ana zuwa gida da salla. Ana zuwa suna da biki da gaisuwar rasuwa da duba marar lafiya. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake.

Mai ziyara ba ya tafiya hannu rabbana. Na birni yakan kai gishiri da sukari da sabulu da goro. In zai komo, a haɗo shi da gero da daddawa da garin kuka da busasshiyar kuɓewa. Wannan tsaraba tana riƙe gidaje biyu, na birni da na ƙauye.

Abin da yaro ke koya a gidan kaka

Tsakanin kaka da jika akwai wasa. Kaka mace takan kira jikanta namiji maigidanta, ta kira jikarta mace kishiyarta. Saboda haka yaro yana sakewa a wurinta fiye da yadda yake yi a gaban uwarsa.

A gindin murhun kaka ne yarinya take koyon girki. Tana ganin yadda ake surfa gero a turmi, a bakace dussa da faifai, a wanke, a daka, a tankaɗe. Tana ganin yadda ake yin talge, a tuƙa tuwo da muciya, a kwashe da mara. In an gama, yara su yi rububin ƙanzo. Da dare a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kaka ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi har barci ya kwashe su.

Wannan ma makaranta ce, ko da yake babu allo babu alli. Yarinyar da ba a kai ta ziyara takan girma ba ta san yadda ake kaɗa miyar kuka ba. Yaron da ba ya zuwa ƙauye yakan girma bai san 'yan'uwan ubansa ba.

Abinci kashi uku ne

Ma'aikatan lafiya sun kasa abinci kashi uku.

1. Masu ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali, man gyaɗa, manja da man shanu.

2. Masu gina jiki: wake, waken suya, gyaɗa, daddawa, nono, ƙwai, kifi da nama.

3. Masu kare jiki daga cuta: kuka, zogale, rama, yakuwa, alayyafo, kabewa, karas, gwanda, mangwaro da lemo.

Jiki yana bukatar kowane kashi a kowace rana. Yanzu a dubi akushin kaka. Tuwon gero yana ba da ƙarfi. Daddawar da ke cikin miya tana gina jiki. Kuka tana kare jiki. Ashe tsofaffi sun haɗa kashi uku a akushi ɗaya tun kafin a rubuta wannan a littafi. Haka fura da nono take: gero don ƙarfi, nono don gina jiki. Haka kwaɗon zogale da ƙuliƙuli. Da tsohuwar zuma ake magani.

Daddawa ta cancanci a yi mata bayani. Da kalwa ake yin ta, wato ƙwayar ɗorawa. Ana dafa kalwa ta daɗe a wuta. Sai a cire ɓawonta, a wanke, a sake dafawa. Daga nan a rufe ta kwana biyu ko uku har ta ruɓa yadda ake so. Sai a kirɓa, a faɗaɗa, a shanya. Dunƙulen ɗanɗano na kanti yana sa miya daɗi, amma mafi yawansa gishiri ne, ba ya gina jiki. Wadda ta sa shi kada ta bar daddawa, kuma ta rage gishiri.

Inda haɗari yake

Al'ada ce a ƙasar Hausa in za a yaye yaro a kai shi gidan kakarsa. Al'adar tana da amfani. Uwa tana hutawa, yaro kuma yana sabawa da danginsa. Amma lokacin yaye lokaci ne mai haɗari. Yaro ya rabu da nonon uwa rana ɗaya. Cikinsa ƙarami ne, ba ya ɗaukar abinci da yawa. In aka cika shi da tsinkakken koko, zai ƙoshi da ruwa alhali jikinsa yana jin yunwa. In aka haɗa shi kwano ɗaya da manyan yara, kafin ya kai loma biyu sun cinye.

Daga nan ne tamowa take shiga. Alamominta su ne rama, da kumburin ƙafa, da gashi ya yi ja ya yi laushi, da yawan kuka, da ƙin wasa. Yaro mai tamowa ba shi da ƙarfin yaƙi da ƙyanda ko gudawa ko zazzaɓin cizon sauro.

Akwai kuma wata muguwar cuta da likitoci suke kira noma. Sunan ba shi da dangantaka da noman gona. Ta fi kama yara masu shekara 2 zuwa 6 waɗanda ba su samun abinci mai gina jiki. Tana farawa da kumburin dasashi da warin baki. Cikin 'yan kwanaki sai ta ci kumatu da leɓe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin yara 10 da ba a yi wa magani ba, kusan 9 suna mutuwa. In kuwa an kai yaro asibiti da wuri, magani yana tsayar da ita. A shekarar 1999 aka buɗe Asibitin Yara na Noma a birnin Sakkwato. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bayan Nijeriya ta jagoranci neman a yi haka. Duk kakar da ta ga dasashin jikanta yana jini ko bakinsa yana wari, ta kai shi asibiti a ranar.

Garin kunu mai gina jiki

Rigakafi ya fi magani. Ga wani gari da kowace mace za ta iya haɗawa a gida.

Abin da ake bukata: kwano 6 na gero ko dawa, kwano 3 na waken suya, kwano 1 na gyaɗa. Da kowane irin kwano aka fara awo, da shi za a ƙarasa.

1. A tsince hatsin, a wanke, a shanya.

2. A jiƙa waken suya ya kwana. A murje ɓawon, a wanke, a shanya ya bushe sarai.

3. A tsince gyaɗa. A zubar da duk wadda ta yi fumfuna ko ta ruɓe, domin tana da dafin da ke lalata hanta.

4. A soya kowanne daban, ba tare da mai ba, har ya yi ƙamshi. Kada a bari ya ƙone.

5. A haɗa su a niƙa, a tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi, a ajiye inda babu laima.

6. In za a dama, a kwaɓa garin da ruwa mai tsabta, a zuba cikin tafasasshen ruwa, a yi ta juyawa har ya dahu. A sa ɗan manja ko man gyaɗa cokali ɗaya.

Kunun ya yi kauri yadda zai tsaya a cokali. Yaron da ya shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar abinci sau 3 ko 4 a rana, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kamar ƙosai ko gwanda. A tuna jariri nonon uwa kaɗai yake bukata har ya cika wata 6. Bayan haka a fara ba shi abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2.

Yadda ake gaya wa babba magana

Sanin abu daban, iya faɗinsa daban. Ga misali. Wata mata daga Gidan Igwai ta kai ɗanta yaye wurin uwarta a ƙauye. Bayan an gaisa, an sha ruwa, an huta, sai ta kwance tsaraba. Ta fito da goro da sabulu, sa'an nan ta fito da garin kunu.

Tsohuwa ta ce, "Wanga gari fa? Ko kin ji an ce gero ya ƙare garinmu?"

Ta ce, "A'a, Inna. Geronku ne da kuka ba ni da kaka. Waken suya da gyaɗa kawai na ƙara. Malamar asibiti ta ce yana sa yaro ƙwari."

Tsohuwa ta ce, "Ku bakwai na yaye da kununa, wa ya mutu?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Gaskiya ne, Inna. Ai ban iya damu kamar naki ba. Shi ya sa na kawo garin, ke ki dama wa maigidanki da hannunki."

Tsohuwa ta yi dariya. Ta ɗauki jikan ta ce, "To, maigida, ka ji an kawo maka cefane."

Mai karatu ya lura. Matar ba ta ce wa uwarta ba ta sani ba. Ta girmama ta, ta ba ta aikin a hannunta, bukata kuma ta biya. Da ta zo da gadara, da garin ya ƙare a cikin kaji. Bayan haka ya kamata uwa da uba su riƙa zuwa duba yaro, kada a kai shi a manta.

Ƙananan gyare-gyare a madafa

A shanya kuka da zogale a inuwa. Rana tana rage amfaninsu.

A rage kanwa a miya da wake. Yawanta yana kashe wasu sinadaran abinci.

A sayi gishiri mai sinadarin aidin. Tun shekarar 1993 gwamnatin Nijeriya ta wajabta sa shi a gishirin ci, domin yana hana maƙoƙo.

A tafasa madara kafin a bar ta ta zama nono.

A bar ɗumame ya yi zafi har cikinsa kafin a ba yaro.

A wanke hannu da sabulu kafin girki da kafin ba yaro abinci.

A ba ƙaramin yaro kwanonsa daban, babba ya zauna kusa da shi har ya gama.

Kada a ba jaririn da bai shekara ba zuma.

Sababbin kalmomi

Tamowa, sinadari, aidin, ƙiyasi, mazubi. A rubuta kowace kalma sau uku, a sa ta cikin jimla.

Tambayoyi

1. Wa ya gina birnin Sakkwato, kuma a wace shekara?

2. Kashi nawa aka kasa abinci? A kawo misali biyu na kowane kashi.

3. Me ya sa tsinkakken koko ba ya isar yaron da aka yaye?

4. Waɗanne alamomi ne na farko na cutar noma?

5. Me ya sa tsohuwa ta karɓi garin kunu daga hannun 'yarta?

Lissafi

Wata mata tana da gero kwano 12. Kwano nawa na waken suya za ta sa? Kwano nawa na gyaɗa? Duka kwano nawa ke nan?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya ziyarci wata tsohuwa a danginsa kafin fitowa ta gaba. Ya tambaye ta yadda ake yin wani abinci na da, wanda aka daina yi a gidansu. Ya rubuta kayan haɗinsa da yadda ake dafa shi a littafinsa, ya kawo aji a karanta wa kowa.