Yadda Saƙo Ke Tafiya Daga Waya Zuwa Waya Ba Sabis



A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na jiharmu ta Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga. Mutane da yawa sun yi makonni ba su ji muryar danginsu ba. Tambayar darasinmu na yau ita ce: waya za ta iya isar da saƙo in babu ƙarfen sabis?

Za ta iya, ta hanyar da ake kira sadarwar raga. A nan kowace waya tana karɓar saƙo ta miƙa wa ta kusa da ita, kamar yadda ake miƙa bokitin ruwa hannu zuwa hannu in gobara ta tashi. Manhajar Bridgefy haka take aiki da Bluetooth, a tazarar da ba ta wuce kimanin mita 100 ba. Masu zanga-zanga a Hong Kong sun yi amfani da ita a 2019.

Sai dai waya ba ta iya riƙe abokai da yawa. A tsohon tsarin Bluetooth, na'ura ɗaya tana riƙe bakwai ne kawai a lokaci guda. Ku ɗauka mu 40 ne a aji, kowa da wayarsa. In aka ce kowa ya haɗu da kowa kai tsaye, sai an yi haɗi 780. Ba zai yiwu ba.

Dabarar ita ce kowa ya riƙe kaɗan. Ni in ba mutum 3 saƙo, kowannensu ya ba wasu sabbin mutum 3. Sun zama 9, sai 27, sai 81. A taki huɗu kawai saƙona ya kai ga mutum 120.

Amma in kowa ya riƙa maimaita duk abin da ya ji, hayaniya za ta yi yawa kamar kasuwar Illela, batir kuma ya ƙare. Shi ya sa ake kafa dokoki. Na ɗaya, waya ba ta sake miƙa saƙon da ta riga ta miƙa. Na biyu, kowane saƙo yana da adadin takin da aka yanke masa, in ya cika sai ya tsaya. Na uku, kada unguwa biyu su dogara da waya ɗaya a tsakaninsu, domin ranar da cajinta ya ƙare, hanya ta yanke.

Kada mu ɗauka wannan ya maye gurbin sabis. Daga Illela zuwa Sakkwato kimanin kilomita 80 ne, wato sai an jera wayoyi kusan 800 a kan hanya. Amma a cikin Araba, tsakanin gida da masallaci da makaranta, raga za ta iya kai labarin rashin lafiya ko gargaɗi.

Ga aikin gida: ku zana ɗigo 12 a takarda, ku haɗa su da layi. Kada ɗigo ɗaya ya wuce layi 3, kuma ko wanne aka goge, sauran su kasance a haɗe. Ku kawo wa ƙungiyar 'yan jarida amsarku ranar Litinin, za mu liƙa mafi kyau a nan.

Daga ɗalibin aji biyu, ƙaramar sakandare.