Shawarwari 10 Ga Iyali: Mu San Abin Da Ke Cikin Man Da Muke Shafawa

Da zarar an cire masara da waken suya, an tsince auduga, an kai hatsi kasuwar Ɗandume ko ta Funtuwa, sai bukukuwa su kankama tun daga Bakori har Malumfashi da Ƙafur. Lokacin haɗa lefe ke nan da gyaran amare, kuma a lokacin ne iskar hunturu ke busar da jiki har ya yi furu-furu. Shi ya sa kasuwar man shafawa ke ci sosai a waɗannan watanni. Sai dai yawancinmu muna zaɓen mai ne don ƙamshinsa, ko don hoton da ke jikin kwali, ko don wata ƙawa ta ce ya karɓe ta. Ita kuwa fata ba ruwanta da hoto, abin da aka zuba cikin kwalbar shi take sha. Ga abubuwan da ya kamata kowane gida ya sani.

1. A juya kwalba a karanta bayanta

Manyan baƙaƙen da ke gaba talla ce. Gaskiyar mai tana baya, cikin ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin kalmar Ingredients. Ƙa'ida ita ce a jera sinadarai daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Idan an fara da Aqua, ruwa ne ya fi yawa a ciki. Petrolatum shi ne basilin, Butyrospermum Parkii man kaɗanya ne, Parfum kuwa turare. Idan kwali ya cika baki da karas ko zuma, amma sunansu ya zo can ƙarshen jeri, to ɗan ɗigo aka sa. A duba lambar rajistar NAFDAC, da ranar lalacewa, da sunan kamfani da adireshinsa. Wanda bai yi boko ba ya miƙa wa ɗan makaranta ko mai kemis ya karanta masa. Haɗin da ake durawa a roba babu rubutu ko ɗaya, ko wace ce ta haɗa shi, a bar mata kayanta.

2. A san aikin kowane sinadari a hunturu

Man da ke gyara busasshiyar fata kashi uku ne. Akwai masu janyo ruwa su riƙe shi a fata, kamar Glycerin da Urea. Akwai masu tausasawa, su cike 'yan tsage-tsagen da ido ba ya gani, kamar man kaɗanya. Sai masu rufewa, wanda basilin ne shugabansu. Basilin kamar faifai ne a bakin randa: ba ya ƙara ruwa, amma yana hana wanda ke ciki tafiya. Don haka lokacin shafa mai shi ne da an fito wanka, an ɗan tsane jiki, da sauran danshi. Wanda ya bari ya bushe ƙayau kafin ya shafa basilin, sheƙi kawai zai samu. A watannin Disamba da Janairu a fara da mai ruwa-ruwa mai gilisarin, a bi shi da man kaɗanya ko basilin a ƙafafu, gwiwoyi da leɓe. Da bazara kuwa a rage mai nauyi, domin yana tare zufa ya ƙara ƙurajen zafi.

3. Faso da kaushi suna da nasu magani

Manomi da mai ɗiban ruwa da yaron da ke yawo da silifa duk sun san zafin faso, musamman idan ya tsage har jini. Mai ɗauke da Urea kashi 10 zuwa 25 cikin 100 yana narkar da kaushi a hankali. Da dare a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi na minti 10, a goge da dutsen goge ƙafa ba da ƙarfi ba, a shafa man, a rufe da basilin, a sa safa. A kiyaye: wannan ba takin Uriya na buhu ba ne da ake zuba wa masara, kada wani ya jiƙa taki ya shafa. Kada kuma a yanke kaushi da reza. Mai ciwon suga ya nuna wa ma'aikacin lafiya duk wata tsaga a ƙafarsa, domin ƙaramin ciwo gare shi yana iya zama gyambo.

4. Sabulu ma sinadari ne

Saman fatar mutum yana da ɗan tsami-tsami na halitta da wani siririn maiƙo, su ne ke hana ƙwayoyin cuta samun wurin zama. Sabulun soda mai ƙarfi yana wanke wannan kariya gaba ɗaya, shi ya sa jiki ke ɗaurewa ya yi ƙaiƙayi bayan wanka. Sabulun wanki, na gari ko na sanda, ba na jiki ba ne. Sabulun salo yana wanke maiƙo sosai, ya dace da mai fata mai maiƙo, amma mai busasshiyar fata ya rage shi a hunturu, kuma ya bi shi da mai nan take. Ruwa mai zafi ƙwarai da dirzar jiki da soso mai kaushi suna ƙara bushewa. Ruwan ɗumi ya wadatar.

5. A guji Hydroquinone da zaiba

Launin fatarmu yana zuwa ne daga wani sinadari da jiki ke yi, melanin, wanda ke tare zafin hasken rana. Ga mutanen da ke yini a gona, wannan ni'ima ce babba. Man bilicin aikinsa hana jiki yin wannan kariya.

Hydroquinone magani ne da likitan fata ke bayarwa na 'yan watanni don wani tabo na musamman. Dokar NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a kayan shafa ba, Tarayyar Turai kuwa ta hana sa shi a man shafawa tun farkon shekarun 2000. Idan aka daɗe ana shafa shi, sai abin ya juye: kumatu da goshi su yi baƙi-baƙi mai shuɗi-shuɗi, fatar ta yi gurji-gurji, gaɓoɓin yatsu su yi duhu alhali bayan hannu ya yi fari. Wannan tabo yana da wuyar fita ƙwarai.

Zaiba ta fi shi muni. A jikin kwali tana zuwa da sunan Mercury, Mercuric, Mercurous ko Calomel, sau da yawa ma ba a rubuta ta. Tana ratsa fata ta shiga jini, ta lalata ƙoda da jijiyoyi, ta kai ga ɗan tayi a ciki da jariri ta ruwan nono. Tawul da zanin gado ma suna ɗaukar ta zuwa ga sauran mutanen gida. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Najeriya ke cikinta, ta taƙaita zaiba a kayan kwalliya, sannan a 2023 ƙasashe suka amince a hana ta gaba ɗaya daga 2025. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da kayan sauya launin fata, kuma a 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa, a wani taro da aka yi a Kano.

6. Man bututu magani ne, ba kayan kwalliya ba

'Yan ƙananan bututun da ake saya a kemis a matse cikin kwalbar mai, yawancinsu sitiroyid ne. A nemi sunan Clobetasol ko Betamethasone. An yi su ne don kumburi da ƙaiƙayi mai tsanani, na ɗan gajeren lokaci, bisa umarnin likita. Suna sa haske cikin kwanaki kaɗan, wannan saurin ne ke yaudarar mutane. Bayan watanni sai fata ta yi siriri har a riƙa ganin korayen jijiyoyi, nankarwa mai faɗi ta fito a damtse da cinya, ƙuraje su feso, gashi ya tsiro a fuska, ciwo ya ƙi warkewa, ɗinkin tiyata ya yi wuyar kamawa. Idan ya shiga jini da yawa yana iya jawo hawan jini da ciwon suga. Ga makero da ƙyasfi kuwa, yana kwantar da ƙaiƙayi ne kawai yayin da cutar ke yaɗuwa a ƙarƙashi. Wadda ta daɗe tana shafawa kada ta yanke rana ɗaya ita kaɗai, domin fuska kan yi ja ta yi raɗaɗi har ta koma wa man. Ta je asibiti a tsara mata yadda za ta janye a hankali.

7. Fatar yara amana ce

Fatar jariri ta fi ta babba sirantaka, kuma abin da aka shafa masa ya fi saurin shiga jininsa. Man uwa ba na ɗa ba ne. Basilin marar turare ko man kaɗanya mai tsabta sun ishe shi. Yawancin jarirai ana haifar su da haske, sannan launinsu na gado ya zauna cikin watanni. Wannan ba cuta ba ce da za a nema wa mai. A kula da tozalin dutse ma, domin yakan ƙunshi dalma. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami gubar dalma a jinin wani jariri, da aka auna tozalin da aka kai masa daga Najeriya sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara mun san abin da gubar dalma ta yi a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake sarrafa duwatsun zinare. Kada kuma a sa wa jariri lalle: ga yaran da ke da wani rauni na gado a jini, yana iya fasa ƙwayoyin jininsu ya kawo shawara.

8. Na gargajiya ma a yi shi da sani

Man kaɗanya, jan lalle na ganye, kurkum da dilka sun daɗe a hannun iyayenmu, kuma suna da amfaninsu. Amma ruwan lemun tsami a fuska, idan aka shiga rana da shi, yana ƙona fata ya bar baƙin tabo. Kanwa, toka da man goge baki ba maganin ƙuraje ba ne. Baƙin lallen da ke kamawa cikin mintuna yakan ƙunshi sinadarin rinin gashi mai suna PPD, wanda ke sa zanen ya kumbura ya ɗuri ruwa, har siffar furen ta zauna a hannu ta zama tabo. Uwar amarya ta tambayi mai gyaran jiki abin da ke cikin haɗinta ɗaya bayan ɗaya. Idan ta ce sirri ne, a nemi wata.

9. Mai aikin gona ya kare fatarsa

Maganin feshi na ciyawa da na ƙwari yana shiga jiki ta fata, musamman idan ana zufa ko akwai tsaga. A sa riga mai dogon hannu, safar hannu ta roba da takalmin ruwa. An gama feshi, a yi wanka da sabulu kafin a shafa kowane mai, a kuma wanke kayan feshin daban da na iyali. Kada a zuba man shafawa a robar da ta taɓa ɗaukar magani. Da damina a tsane tsakanin yatsun ƙafa sosai saboda cin ruwa. Mai ɗauke da Clotrimazole shi kaɗai, ba haɗe da sitiroyid ba, yana maganinsa. Malfa mai faɗi kariya ce ta gaske. Zabiya da duk wanda bilicin ya riga ya taɓa suna buƙatar man kariyar rana mai lamba SPF 30 ko fiye, domin su ne suka fi fuskantar ƙuna da kansar fata.

10. Ƙuraje da tabo suna son haƙuri

Akwai sinadaran da ke aiki ba tare da ɓata fata ba. Salicylic Acid yana buɗe ƙofofin gashi da suka toshe. Benzoyl Peroxide yana kashe ƙwayoyin cutar da ke sa ƙurajen fuska, sai dai yana koɗar da tufafi. Niacinamide da Azelaic Acid suna rage tabo su daidaita launi ba tare da sun sauya shi ba. Retinol da Tretinoin suna da ƙarfi, mai ciki da mai neman ciki su nisance su. Fata tana ɗaukar kusan wata guda kafin ta sabunta, don haka a ba kowane magani mako 6 zuwa 12. Man da ya yi alkawarin haske cikin kwana 7 ya tona asirin kansa. A riƙa shigo da sabon mai ɗaya-ɗaya, a fara gwada shi a cikin damtse na kwanaki. In wurin ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko raɗaɗi, a ajiye.

Idan ciwo ya ƙi warkewa, ko tabo yana girma yana sauya kama, ko fuska da ƙafafu suna kumbura ga mai shafe-shafe, a tafi Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, a riƙe kwalbar man a hannu don likita ya gani. Daga nan ana iya tura mutum wurin likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kan hanyar Zariya, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina.

Wannan aiki ba na mata kaɗai ba ne. Maigida ne ke ba da kuɗin mai, dangin ango ne ke zuba kayan shafa a lefe, kuma kalmar da ake faɗa wa yarinya game da launinta a tsakar gida ita ke kai ta shagon mai haɗi ko ta hana ta zuwa. A yaba wa 'ya'ya da launin da Allah Ya ba su, baƙi ne ko wankan tarwaɗa. Sannan a tattaro duk kwalaben da ke gidan a karanta su ɗaya bayan ɗaya: wanda aka san abin da ke cikinsa a ci gaba da shi, mai ɗauke da sunayen da aka ambata a shawara ta 5 da ta 6 a kai wa ma'aikacin lafiya, wanda ba shi da rubutu kuwa a rabu da shi.