Zuwa ga Matasan Kabara: Ina Ruwan Kwatarku Yake Zuwa?



Yawancinku kun zauna gaban malami kun karanta babin tsarki tun ba ku fara aski da kanku ba. An koya muku cewa ruwan da najasa ta canza masa launi, ko ɗanɗano, ko ƙanshi, ba a alwala da shi. Kun ji kuma Manzon Allah (SAW) ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu. Unguwar da ta fitar da Shehu Nasiru Kabara ba ta bukatar wani ya zo daga waje ya karantar da ita darajar ruwa. Abin da nake tambaya shi ne, me ya sa karatun nan yake tsayawa a bakin buta, ba ya kaiwa kwatar ƙofar gida?

Ku lura da abin da ake yi da zarar hadari ya haɗo. Sai a tura yaro da kwandon shara ya juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. To, ya tafi da ita ina? Mafi yawan kwatocin cikin birni ƙoramar Jakara suke gangarawa. An rufe wani sashe nata da titi a zamanin mulkin Kwankwaso na biyu, ido ya huta da ganinta, amma tana nan tana gudu a ƙarƙashi. Can gaba rafin Getsi ya haɗu da ita ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, su zarce tare har madatsar Wasai a Minjibir. A kan hanyar nan manoman rani suke jan ruwan su shayar da latas da kabeji da alayyafo, a Wasai kuma masunta suna kamun kifi. Washegari kayan suna kasuwa. Wanda ya zubar da shara a lungunsu da damina, yana iya cin karo da ita a cikin kwaɗon da ya saya da rani.

Leda ce babbar masifa, musamman ta fiyawata, domin ba ta ruɓewa. Ita ke toshe kwata, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, ginin ƙasa ya jiƙe daga tushe ya zube. Da can kududdufai ne ke shanye ruwan sama. An cike da yawansu an yi gini a kai, yanzu ruwa ba shi da masauki sai tsakar gidan mutane. Ga shi gidajenmu a matse suke, rijiya da masai kusa da juna. Ta nan amai da gudawa ke shigowa.

Ba na ce laifin duk naku ba ne. Kamfanonin jimar fata na Challawa da Sharaɗa sun daɗe suna sakin ruwa mai gubar kuromiyam, yana shiga kogin Challawa, kogin da Kano ke ɗiban ruwan sha a cikinsa. Wannan ya fi ƙarfin tsintsiya da shebur. Tun 2007 aka kafa hukumar NESREA don irin wannan aiki, kuma kuna da ƙuri'a, kuna da waya a hannu. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, ba su kuwa fi mu kuɗi ba. Sai dai wanda kwatar gidansu ke toshe, da wane baki zai tuhumi mai kamfani?

Saboda haka ku fara da lungunku. Ku yashe kwata tun kafin ruwan farko, kuma kada ku bar dagwalon jibge a bakinta, domin ruwa na gaba zai mayar da shi. Ku matsa wa hukumar kwashe shara ta REMASAB ta zo ta kwashe. Roba da gwangwani ku ware wa 'yan gwangwan, kuɗi ne. Mai gyaran babur ya tara baƙin mai a jarka. Ranar layya a haƙa rami a binne jini da kayan tumbi.

Na sha ganin yadda kuke tsara sahu ranar Maukibi, dubban mutane ba hayaniya. Ku zauna da mai unguwa da limamai, ku raba lunguna a tsakaninku, ku fito aikin gayya ranar Asabar ɗin ƙarshen watan nan.

Wassalam.