Ciyawar da ke Kawo Mura

A darasin tsire-tsire mun koya cewa fure ba ya yin iri sai bununi ya sauka a kansa, watau ƙurar nan mai kama da gari da mukan gani a kan gero in ya fid da kai. Waɗansu tsire-tsire ƙudan zuma ke kai musu nasu, waɗansu kuwa iska. To, waɗannan na iska su ne abin tsoro, gama iska ba ta san gida ba, sai shuka ta zubar da bununi mai tarin yawa ko kaɗan daga ciki ya dace.

Babbarsu ita ce wata ciyawa ta Amurka ta Arewa, ana ce da ita ragwid. Furenta kore ne, ƙanana, ba mai duba shi sau biyu. Amma tushe guda yakan saki ƙwayar bununi har kusan 1,000,000,000 a shekara, tun daga watan Agusta har sanyi ya kashe shi, iska kuwa ta kwashe ta yi tafiyar ɗaruruwan mil da ita. In ta shiga hancin wanda jikinsa bai yarda da ita ba, sai jiki ya ɗauke ta abokin gaba, ya saki wani sinadari wai shi histamin. Daga nan sai atishawa, da yoyon hanci, da ƙaiƙayin ido, mai asma kuwa numfashi ya sarƙe masa.

An daɗe ana ɗora laifin a kan wani fure rawaya, goldinrod, don kawai tare suke hudowa, shi kuwa ya fi ɗaukar ido. Alhali bununinsa nauyi gare shi da danƙo, sai ƙwari ke iya ɗaukarsa.

Wani likita na Mancesta a Ingila, Charles Blackley, shi ya tabbatar a 1873 bununi ne tushen irin wannan mura, a jikinsa ma ya yi gwajin. A cikin ƙarni na 19 irin ragwid ya bi kayan shuka ya shiga Turai, ya kafu ƙwarai a Hangari da kwarin kogin Ron na Faransa. Can ma akwai magwot, 'yar'uwar tazargadenmu, da dangin zaƙi-banza, duk suna sa atishawa.

Wahalar kashe ragwid ita ce irinta yakan yi shekara 40 cikin ƙasa bai mutu ba. Saboda haka tuge ta ake yi tun ba ta yi fure ba, kowace shekara.