Jan Kunne kan Sayar da Kayan Sana'ar da Ƙaramar Hukuma Ke Rabawa

Jama'a, abin da ya sa aka rubuta wannan takarda shi ne wata mummunar ɗabi'a da ke biyo bayan kusan kowane bikin yaye masu koyon sana'a. Ƙaramar hukuma za ta tara samari da 'yan mata da zawarawa, a yi watanni ana koya musu ɗinki ko walda ko kafinta ko haɗa sabulu da man shafawa. Ranar yayewa a kafa rumfa a sakatariya, ciyaman ya zo, hakimi ya zo, a miƙa wa wannan keken ɗinki, a ba wancan injin markaɗe ko na ban ruwa. Kafin kasuwa ta ci sau biyu kayan nan sun koma hannun dillalai. Wani ma tun a ƙofar sakatariya ake cinikin, ko kwalin bai buɗe ba, ya sallama a wulaƙance.

To, a san daga inda kayan suka fito. Tun garambawul ɗin 1976 ƙaramar hukuma ta zama hawa na uku na mulki, yau guda 774 ne a Nijeriya, Kano kaɗai na da 44. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta. Kuɗinta kuwa kason wata-wata ne daga asusun tarayya, sai ɗan abin da take karɓa a gida. Ashe ke nan a cikin keken da aka miƙa maka akwai kuɗin rasit ɗin mai tumatir, akwai na direban da ya yi lodi a tasha. Ba daga aljihun ciyaman ya fito ba, balle ka ce rabonka ne na siyasa. Kuma da a ce duk keken da aka raba tun kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa a 1986 yana nan yana juyawa, da neman tela ranar jajiberin salla bai zama wahala ba.

Ku dubi manomin kirki. Idan ya yi girbi, sai ya zaɓi zangarniyar gero mafi cika, ya ɗaure ta daban, ya rataye can inda ɓera ba ya kaiwa. Bazara ta yi tsanani, rumbu ya yi ƙasa, yara na kuka, uwargida na kallon damin nan, shi ma yana kallonsa, amma ba mai taɓawa. Gara ya tafi ƙodago, gara a sha kunu tsararo, domin ya san tiya biyun nan ita ce rumbun baɗi. Wanda ya kasa daurewa ya sauke irin aka daka, zai ƙoshi kwana uku, ba musu. Ranar da ruwan shuka ya sauka kuwa, maƙwabta na fita da sungumi, shi yana bin gidaje da ƙoƙo. Keken ɗinkin nan iri ne. Mun san ana cikin matsi, musamman tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, amma ai saboda matsin aka ba ka shi.

Sannan abin da aka damƙa maka da sharaɗi amana ce, kuma kowa ya san matsayin mai cin amana a addini. An rubuta sunanka an bar wata marainiya da ta fi ka buƙata, haƙƙinta na wuyanka. Annabi Dawuda, Alaihis Salam, da sarautarsa da komai, daga aikin hannunsa yake ci. Kai wane ne da za ka raina zama a kan keke?

Laifin ba na yara kaɗai ba ne. Maigidan da ke ƙwace injin matarsa ya kai kasuwa don ya biya bashinsa, ya ji kunya. Uwar da ke sayar da keken 'yarta don a cika kayan ɗaki, ta sani ranar da babu ta shigo gidan nan, jeren kwanuka ba zai ɗora tukunya ba. Dillalin da ke rakuɓewa a bakin sakatariya da kuɗi a aljihu, da kansilan da ke cika takarda da sunayen 'yan korensa waɗanda ko zare ba su iya sa wa allura ba, duk kanwar ja ce.

Sauran abubuwan sanannu ne. A riƙa zuwa wurin koyo kan lokaci, a daina aika ƙane ya sa hannu. Bayan yayewa a zauna wurin wani gwani a ƙara gogewa. A shiga adashi ko ƙungiyar gama kai don jari ya ƙaru. In an biya kuɗin rumfa a karɓi rasit. Wanda kuma ya ga lallai ba zai iya sana'ar ba, ya mai da kayan ta hannun mai unguwa ko dagaci, a gaban shaidu, a ba na gaba a layi.