Maganin Maye Gurbin Homon Bayan Ɗaukewar Haila

Gabatarwa

Yawancin mata haila kan ɗauke musu tsakanin shekara 45 zuwa 55 da haihuwa. Likitoci kan tabbatar da hakan idan mace ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba. Wannan ba cuta ba ce, mataki ne na rayuwa. Sai dai ga wasu matan yakan zo da wahalar da ke bukatar magani.

Abin da ke Faruwa a Jiki

A gefe biyu na mahaifa akwai ma'ajiyar ƙwai. Ban da ƙwan haihuwa, ita ce ke samar da sinadarai biyu daga cikin waɗanda ake kira homon, wato istirojin da furojestaron. Idan ƙwai ya ƙare, sai waɗannan sinadarai su ragu ƙwarai. Daga nan mace kan ji zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, ta riƙa jiƙewa da gumi da dare, barci ya gagara, gabanta kuma ya bushe har saduwa ta zama da ciwo. Akwai kuma illar da ba a jin ta: ƙashi yakan yi ta zaizayewa a hankali, har ƙaramar faɗuwa ta jawo karaya a ƙugu.

Maganin maye gurbi shi ne a mayar wa jiki wani kaso na abin da ya rasa, ta hanyar ƙwaya, ko filastar da ake liƙawa a fata, ko man shafawa.

Daga Yabo zuwa Tsoro

A 1942 aka fara sayar da Premarin a Amurka, istirojin da ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki. Sannu a hankali aka ɗauke shi tamkar maganin tsufa. Amma ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A 1975 bincike ya nuna cewa istirojin shi kaɗai yana ƙara haɗarin sankarar mahaifa, domin yana sa shimfiɗar cikinta ta yi ta kauri. Dalilin haka aka koma haɗa shi da furojestaron ko danginsa ga duk matar da mahaifarta ke nan.

A watan Yuli na 2002 aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka mai suna Women's Health Initiative, wanda ya ƙunshi mata 16,608. An gano cewa cikin kowace mata 10,000 masu shan haɗin, a shekara guda ana samun ƙarin mata 8 masu sankarar mama, 8 masu shanyewar ɓarin jiki, da 7 masu ciwon zuciya, ko da yake karayar ƙugu ta ragu. Labari ya bazu, mata da yawa suka yi watsi da maganin.

Abin da Aka Fahimta Daga Baya

Da aka sake nazarin sakamakon, sai aka lura cewa matsakaicin shekarun matan gwajin 63 ne, wato yawancinsu sun daɗe da barin haila. Ga matan da ba su kai shekara 60 ba, ko ba su wuce shekara 10 da ɗaukewar haila ba, haɗarin ƙarami ne, kuma galibi amfanin ya rinjaye shi idan alamomin sun tsananta. Matan da aka cire wa mahaifa, masu shan istirojin kaɗai, ba a ga ƙarin sankarar mama a cikinsu ba. Haka nan wanda ake liƙawa ko shafawa a fata bai kai ƙwaya jawo daskarewar jini a jijiya ba. Idan kuwa bushewar gaba ce kaɗai damuwar, ɗan istirojin da ake sakawa a wurin ya wadatar, kuma kaɗan ne ke shiga jini.

Kammalawa

Ashe ke nan tambayar ba ita ce ko maganin na da kyau ko ba shi da kyau ba. Tambayar ita ce wace mace, a wane lokaci, kuma wane iri. Har yau babu abin da ya fi shi kwantar da zafin jiki da gumin dare, amma ba a ba da shi don rigakafin ciwon zuciya. Bai dace da wadda ta taɓa yin sankarar mama, ko daskarewar jini, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon hanta mai tsanani ba. Saboda haka ba abin saye a kemis ba ne bisa shawarar maƙwabciya, sai likita ya auna. Duk matar da ta ga jini bayan haila ta ɗauke mata, kada kunya ta hana ta zuwa asibiti da gaggawa, domin wani lokaci alamar farko ce ta sankarar mahaifa, wadda akan iya warkarwa idan an gano ta da wuri.